Keita Fodeba, Malamin Lakwal Da Ya Kai Wasan Afirka Gaban Duniya

Duk wanda ya taɓa zama a dandalin samariya, a Kona ne ko a Tasawa ko a Mayahi, ya kalli samari da ƴan mata suna teyatur haɗe da kiɗa da rawa, to ya san irin aikin da mutumin da za mu ba da tarihinsa yau ya shahara a kansa. Sunansa Keita Fodeba, ɗan ƙasar Gine. Malamin lakwal ne, marubuci, kuma ɗan wasa mai harshe biyu, wato Malinke da Faransanci. Shi ne ya kafa ƙungiyar nan da duniya ta sani da sunan Ballets Africains, ya ɗauko makaɗa da mawaƙa daga garuruwansu ya horar da su har suka tsaya a manyan gidajen wasa na Turai da Amurka. Daga baya ya bar dandali ya riƙe manyan muƙaman gwamnati, kuma gwamnatin da ya yi wa aiki ita ce ta kashe shi a 1969. Shekara 48 kacal ya yi a duniya, amma akwai abin lura a rayuwarsa ga wanda ya fito daga makarantar yaƙi da jahilci, akwai kuma ga ma'aikacin hukuma.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Fodeba ran 19 ga watan Janairu 1921 a garin Sigiri, arewa maso gabashin Gine, a bakin kogin da Malinke suke kira Joliba. Wannan kogi shi ne dai kogin Isa, wanda wasu ke ce wa Kwara, da ya ratsa Bamako da Gawo ya biyo ta Yamai da Gaya. Ƙasar Sigiri tsohuwar ƙasar Manding ce, ta yi suna da zinariyar Bure tun zamanin daular Mali. Keitawa kuwa su ne zuriyar Sunjata, wanda ya kafa daular. A al'adar mutanen nan kiɗa da waƙa da riƙon tarihi sana'ar wasu gidaje ce na musamman da ake kira jeli, kamar yadda yake ga makaɗa da maroƙa a ƙasar Hausa. Ɗan gidan Keita shi ake yi wa kiɗa, ba a saba ganin ya mai da wasa sana'a ba. Saboda haka hanyar da Fodeba ya bi ba ta gado ba ce, makaranta ce ta buɗe masa ita.

Mahaifinsa ma'aikacin asibiti ne, ya kuwa sa shi lakwal da wuri. Bayan ya gama ƙaramar makaranta ya wuce Konakiri, daga nan ya ci jarrabawar shiga makarantar William Ponti ta Senegal, wadda aka taso da ita daga tsibirin Gore zuwa Sebikotan a 1938. A nan ne Faransa take horar da malamai da akawuna na dukan ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. Namu ma sun bi ta can, irin su Bubu Hama da Diori Hamani da Djibo Bakari.

A lokacin da Fodeba ya isa, wasan kwaikwayo ya riga ya kafu a Ponti. Wani malami Bafaranshe, Charles Béart, shi ne ya raya shi tun daga 1935. Idan hutu ya zo, sai a umarci kowane ɗalibi ya koma gida ya tambayi tsofaffi tatsuniyoyi da tarihin sarakuna da al'adun aure da na mutuwa, ya rubuto. Da an dawo, ɗaliban kowace ƙasa su haɗa kai su mai da abin da suka samo wasa, su nuna a bikin ƙarshen shekara. Har a 1937 an kai wasu daga cikinsu birnin Pari suka yi wasa. Amma fa abin yana da iyaka. Maganar wasan duka da Faransanci ake yin ta, harshen uwa ba ya fitowa sai a cikin waƙa. Kuma da yake manyan Turawa ne ke zaune a sahun gaba, ba a taɓa mulkin mallaka. Waɗanda suka yi lakwal a wancan zamani sun san sambol, abin nan da ake rataya wa yaro in ya kuskura ya yi harshensu a harabar makaranta. Cikin wannan hali Fodeba ya koyi wasa. Ya ɗauki dabarar Ponti ta haɗa labari da waƙa, ya ajiye ta a zuci har ranar da zai juya ta yadda malamansa ba su zata ba.

Ya gama karatu ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga aikin koyarwa a Senegal, har da birnin Saluwi, inda ya riƙa haɗa aikin aji da kiɗa tare da samari.

A birnin Pari

A 1948 ya tafi Pari don karanta shari'a. Rayuwar ɗalibi baƙar fata a can ba mai sauƙi ba ce, kuɗi ba ya isa. Sai ya tara wasu ƴan Afirka, ɗalibai da ma'aikata, suka kafa ƙaramar ƙungiyar wasa wadda aka fara sani da sunan Théâtre Africain. Babban abokin aikinsa shi ne Kante Faseli, gwanin kaɗa jita, shi ma ɗan Gine. Kamfanin Le Chant du Monde ya ɗauki muryoyinsu a faya-fayen garmaho, Pierre Seghers kuma ya buga masa littafin Poèmes africains a 1950, daga baya ya buga Le Maître d'école, wato malamin makaranta, haɗe da Minuit, wato tsakar dare.

A nan ne ya fito da salon da ya bambanta shi da kowa. Shi da kansa zai tsaya gaban jama'a ya riƙa ba da labari da Faransanci mai sauƙi, gajerun jimloli irin na malamin da ya saba da yara. In ya kai wata gaɓa sai ya yi shiru, jita ko balafo ko kora ta karɓa, mawaƙi ya ɗauki waƙa da Malinke. Balafo itatuwa ne jere a kan ƙoƙuna ana bugawa, kora kuwa babbar ƙwarya ce mai tsirkiya 21. Ko a cikin littafin ma ya nuna wurin da kowane abin kiɗa zai shigo, kamar yadda mai tatsuniya ya san inda zai tsaya a yi amshi. Ta haka harsunan biyu kowanne ya sami aikinsa. Bafaranshe yana bin labarin daga farko har ƙarshe, ba abin da ya ɓace masa. Mutumin Manding kuwa yana jin labarin, yana kuma jin abin da ke ƙarƙashinsa, domin ya san wane take ne na jarumi, wane ne na makoki, tun kafin mai labari ya faɗa. Faransancin da aka tilasta masa a lakwal ya zama masa abin isar da ƙarar mutanensa ga waɗanda ke mulkinsu, Malinke kuma ya riƙe wurinsa a matsayin harshen da ake kuka da yabo da shi.

Labarin Naman

Aikinsa da ya fi kowane tasiri shi ne Aube africaine, wato asubahin Afirka. Labarin wani manomi ne mai suna Naman a wani ƙauye na bakin Joliba. Yana cikin gona da sassafe aka kira shi gindin itacen da dattawa suke zama, domin Turawa sun aiko a ba su namiji guda don yaƙi, dattawa kuwa sun zaɓe shi saboda shi ne ya fi cancanta ya wakilci garin. Ya tafi ya bar matarsa Kadiya. Wasiƙu suka riƙa zuwa jefi-jefi, a ji yana arewacin Afirka, a ji an ba shi lambar yabo, a ji Jamusawa sun kama shi. Dattawa suka yarda a kaɗa masa Duga, taken ungulu, wanda ba a kaɗa wa kowa sai jarumin da ya nuna bajinta. Can sai labari ya zo ya iso Senegal, ya kusa gida. Wasiƙar ƙarshe ita ce ta ce an harbe shi a Caroy, kusa da Dakar.

Naman ƙagagge ne, amma Caroy gaskiya ce. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin da Faransawa ke rubutawa Thiaroye, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, don kawai sun nemi a biya su haƙƙinsu kafin a sallame su. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuwa sun ce adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan gilla ne. Fodeba ya faɗi haka a dandali tun waɗanda suka ba da umurnin suna raye. Kowane ƙauye da aka taɓa ɗaukar wa ɗa zuwa soja, daga Sigiri har ƙasar Gobir da Damagaram, yana iya ganin kansa a cikin labarin. Hukumar mulkin mallaka ta gane haka, ta hana yaɗa wannan aiki da Minuit a ƙasashen Afirka ta Yamma. Frantz Fanon kuwa, a littafinsa Les Damnés de la terre na 1961, ya kawo labarin Naman a matsayin misalin yadda marubuci zai yi wa jama'arsa magana su gane halin da suke ciki.

Malamin ƴan wasa

Sannu a hankali rawa da kiɗa suka rinjayi magana a ƙungiyar, domin su ba su bukatar tafinta. A 1952 ta fito a gidan wasa na Étoile a Pari, sunan Ballets Africains ya bi ta, ta shiga zaga ƙasashen Turai. A tsakiyar shekarun 1950 ta zo rangadi Afirka ta Yamma. Fodeba ya yi ta neman gwanaye a inda suke. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Sori Kandiya Kuyate, mawaƙin da muryarsa ta game Afirka kafin rasuwarsa a 1977, da Laji Kamara, makaɗin jembe, wanda daga baya ya zauna Amurka yana koyar da wannan kiɗa.

Aikin da ya yi da su aikin malami ne. Rawar ƙauye a da'ira ake yin ta, kowa ɗan kallo ne kowa kuma ɗan rawa, tana iya kai wa asuba, kuma tana da dalili, ko aure ko kaciya ko girbi. A gidan wasa kuwa jama'a suna zaune gefe guda, baƙi ne, sun biya kuɗi, kuma sa'a biyu kawai gare su. Dole a buɗe da'irar ta fuskanci masu kallo, a taƙaita rawar dare guda ta koma ƴan mintoci, a san abin da za a yar da abin da in an yar da shi rawar ta mutu. Fodeba ya yi rubutu a kan wannan matsala a mujallar Présence Africaine a 1957. Ra'ayinsa shi ne mai shirya wasa ya fara sanin ma'anar rawa a wurin masu ita kafin ya taɓa ta. Ya koya wa makaɗin da bai taɓa shiga aji ba kiyaye lokaci da maimaita gwaji kullum da sanin wurin tsayuwarsa. Ya koya wa ɗalibin da ya yi boko ya zauna gaban makaɗi ya karɓi darasi. Ya kuma sa ɗan wata ƙabila ya koyi rawar wata, Malinke ya yi ta Susu, ɗan bakin teku ya yi ta mutanen kurmi, abin da ba a saba ba. Wannan tsari shi ne ƙasashen Afirka da yawa suka bi bayan samun mulkin kai wajen kafa ƙungiyoyin wasa na ƙasa, da gasar da ake farawa daga ƙauye a ƙare a babban birni.

Daga dandali zuwa ofis

A 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowace ƙasa ƙaramar gwamnati ta cikin gida. Fodeba ya koma Gine ya shiga jam'iyyar PDG ta Seku Ture, reshen RDA. A 1957 aka zaɓe shi ɗan majalisa daga Sigiri, aka kuma naɗa shi ministan cikin gida. Ran 31 ga Disamba na wannan shekara shi ne ya sa hannu a takardar da ta soke sarautar hakimai a duk faɗin Gine, bisa hujjar cewa su ne hannun Turawa wajen karɓar haraji da aikin tilas. Wannan mataki ya yi tasiri ƙwarai a ƙuri'ar raba gardama ta ran 28 ga Satumba 1958. Gine ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle da fiye da kashi 95 cikin 100, ta sami mulkin kai ran 2 ga Oktoba. A nan Nijar, inda sarakuna suka ci gaba da riƙe ƙasarsu, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakari ta yi kiran a ce a'a, amma i ce ta yi rinjaye.

Sabuwar ƙasa ta amfana da basirarsa. Yana cikin waɗanda suka tsara taken ƙasa, wanda aka ɗauko muryarsa daga tsohuwar waƙar yabon Alfa Yaya, sarkin Labe na Futa Jalon. Ƙungiyarsa ta je Amurka a 1959, a 1960 kuma ta zama ta gwamnati, ta riƙa yawo da tutar Gine. Kante Faseli ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1961, ya bar giɓin da ba a cike ba.

Sai dai muƙamin da aka damƙa wa Fodeba ba na al'adu ba ne. An haɗa masa tsaron ƙasa da ƴan sanda da jandarma, ya riƙe har 1965. Faransa ta janye ma'aikatanta da kayanta cikin fushi, kuma gaskiya ne an ƙulla wa Gine makirci daga waje. Amma tsoron makirci ya zama hanyar mulki, duk mai ƙorafi ya zama maƙiyi. A Nuwamba 1961 shugabannin ƙungiyar malaman makaranta suka kai kuka a kan albashi da halin aiki, sai aka ce juyin mulki suke shiryawa, aka ɗaure su shekaru. Cikinsu har da Jibril Tamsir Niyan, wanda ya rubuta tarihin Sunjata a 1960. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka watsa su da ƙarfi, aka rufe makarantu. Ministan tsaro a lokacin tsohon malamin lakwal ne, wanda ya taɓa rubuta wasa a kan malamin makaranta. A zamaninsa ne kuma aka mai da wani sashe na barikin Kamayen a Konakiri wurin tsare ƴan siyasa. Waɗanda suka fito da rai daga can sun ba da shaida a kan azabar da aka yi musu, kuma ba su wanke Fodeba ba. Mutumin da ya sa duniya ta ji kukan Naman bai ji na waɗanda ke tsare a ƙarƙashin ofishinsa ba.

Ƙarshensa

A ƙarshen 1965, bayan wani sabon zargin makirci, aka ɗauke shi daga tsaro aka mai da shi ma'aikatar raya karkara. Masu lura sun gane inuwa ta fara gushewa. Ran 19 ga Nuwamba 1968 soja suka kifar da Modibo Keita a Mali, abin da ya ƙara wa Seku Ture zargin duk wanda soja suka sani suke kuma girmamawa. A farkon 1969 aka kama wasu sojojin laima a Labe. Ana kawo su Konakiri cikin jirgi sai suka jefo jami'in da ke rakiyarsu, Mamadu Boiro, wanda aka sa wa barikin Kamayen sunansa daga baya. A watan Maris aka kama Fodeba tare da Kanar Kaman Jabi, mataimakin hafsan hafsoshin soja, da Bari Jawadu da wasu da dama. Aka kulle shi a ɗakunan da aka gina yana minista. Ba a kai shi gaban alƙali a fili ba, ba a ba shi lauya ba, shi da ya tafi Pari don karanta shari'a. Ran 27 ga Mayu 1969 aka harbe shi, ba a kuma miƙa gawarsa ga iyalinsa ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Shekara 15 aka yi ba a ambaton sunansa da alheri a Gine, alhali ƙungiyar da ya kafa tana ta karɓar tafi a ƙasashen duniya, ana kuma buga taken da ya tsara kowace safiya. Seku Ture ya rasu ran 26 ga Maris 1984 a Amurka. Ran 3 ga Afrilu soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Lansana Konte, aka buɗe ƙofofin barikin Boiro, jama'a suka ga abin da ke ciki. Daga nan aka soma maido da sunan Fodeba, har aka sa shi a wata cibiyar horar da yara wasannin motsa jiki a Konakiri.

Abin da ya bari

Idan aka auna shekarunsa na dandali da na ofis, kusan daidai suke, kowanne goma da ƴan kai. Na ofis sun bar zawarawa da marayu, har da na gidansa. Na dandali sun bar ɗalibai, ɗaliban kuma sun koyar da wasu, shi ya sa ake kaɗa jembe a makarantun Turai da Amurka da Japan. Ga wanda ya koyi karatu da girmansa, tarihin nan yana nuna cewa harshen uwa ba abin kunya ba ne a gaban kowane taro. Tatsuniyar da ka ji a bakin kakarka da taken da makaɗin garinku ya gada dukiya ce, in an rubuta ta an adana ta, harshe na biyu kuma ƙari ne a kan na farko. Ga ma'aikacin hukuma kuwa, duk takardar da ka sa wa hannu da duk ɗakin da ka sa aka gina za su daɗe fiye da kai a kan kujera, kuma ba ka san wanda za a kawo gabansu gobe ba. Allah ya jiƙan Keita Fodeba, ya jiƙan waɗanda suka mutu a Caroy da barikin Boiro, ya sa mu gama da duniya lafiya.